Tsohon soja: sadaka muke ba shi, ko bashi muke biya?

Yau ga wata tambaya da muke so mu auna tare. Tambayar gajeriya ce, amma tana da nauyi. In mutum ya tafi yaƙi da sunan ƙasa, Allah ya dawo da shi gida da ransa, me ya rage tsakaninsa da ƙasar? An gama ke nan, kowa ya kama gabansa? Ko da sauran magana?

Kada ka ce wannan zancen mutanen birni ne. Daga Matamaye zuwa Kance, daga Dungu zuwa Ɗan Barto, akwai gidajen da ɗansu ko jikansu ke sanye da kaki. Wani soja ne, wani jandarma. Wata rana za su tuɓe kakin su dawo cikinmu. A kasuwarmu za su yi ciniki, a masallacinmu za su yi salla, ƴaƴanmu za su aura. Ashe kuwa maganar tamu ce.

Su wane ne ƴan mazan jiya?

Tsohon soja ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun zamanin mulkin mallaka ake ɗaukar samarinmu aikin soja. A shekarar 1857 Faransawa suka kafa rundunar baƙar fata a Senegal. Sunan sojojin Senegal ya bi su, amma daga baya an cika rundunar da samari daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka, har da Nijar. Ba duka ne suka tafi da son ransu ba. Kwamanda yakan yanka wa sarki adadin samarin da zai kawo, sarki kuma ya yanka wa masu gari. Wasu samari har ƙetare iyaka suka riƙa yi, suna shiga ƙasar Ingilishi don gudun kamu.

A yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, Faransa ta kwashi mutum wajen 200,000 daga Afirka ta Yamma. Wajen 30,000 ba su dawo ba. A yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, aka sake kwasa. Ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka, mutanen Katsina da Kano, su kuma Ingilishi ya kai su yaƙin Bama. Bayan haka Faransa ta kai sojojin Afirka yaƙin Indoshin da na Aljeriya. Janar Seyni Kunce, wanda ya shugabanci Nijar daga 1974 zuwa 1987, ya yi aikin soja a waɗannan wurare biyu.

Nijar ta sami mulkin kai a 1960. Ranar 1 ga Agusta 1961 ta kafa rundunarta ta kanta. Tun daga 2015 sojojinmu suka shiga yaƙi mai tsanani a gabas da yammacin ƙasa. A tsibirin Karamga, cikin tafkin Cadi, soja 46 suka rasu a watan Afrilu 2015. A Inates soja 71 suka rasu ranar 10 ga Disamba 2019. A Shinagodar soja 89 suka rasu ranar 9 ga Janairu 2020. Allah ya jiƙansu.

Waɗanda suka rasu an ƙirga su, an yi musu salla, ƙasa ta yi makoki. To, waɗanda suka tsira fa? Wanda ya ga abokinsa ya faɗi a gefensa, wanda ya ɗauki gawar wanda suka ci tuwo kwano ɗaya da shi jiya? Su ne zancenmu na yau.

Rauni iri biyu

Yaƙi yana barin rauni iri biyu. Na farko kowa yana ganinsa. Ƙafa ta gutsure, ido ya tsiyaye, harsashi ya bar tabo. Mai irin wannan rauni ba a musu da shi. Kowa ya gan shi ya ce sannu.

Na biyu ido ba ya ganinsa. Mutum ya dawo da hannu biyu da ƙafa biyu, amma ba shi ne wanda ya tafi ba. Dare ya yi, barci ya ƙi zuwa. In ya samu ya runtsa, sai mugun mafarki ya tashe shi, yana gumi, yana ihu. Tayar mota ta fashe a tasha, ko an buga bindiga ranar hawan salla, sai ka ga jikinsa na rawa, ko ya kwanta ƙasa. Abin da bai kai ya kawo ba sai ya hasala. Ya daina zama majalisa. Ya daina wasa da ƴaƴansa. Ba ya son a ambaci inda ya je. Wani kuma laifin kansa yake gani dare da rana, yana cewa don me shi ya rayu abokansa suka mutu.

Me ke kawo haka? Allah ya yi wa kowane mutum wani mai gadi a cikin jikinsa, shi ne tsoro. In haɗari ya zo, mai gadin nan yakan tashi. Zuciya ta buga da sauri, ido ya buɗe, jiki ya yi shirin gudu ko faɗa. In haɗarin ya wuce, mai gadi ya koma ya kwanta. A fagen yaƙi wannan mai gadi shi ke tsirar da soja. Amma in ya yi wata da watanni a tsaye, wani lokaci ba ya sake sanin hanyar kwanciya. Yaƙi ya ƙare a daji, bai ƙare a cikin mutum ba. Ka san dokin da ya taɓa firgita a wata kwana. Ko bayan shekara ka biyo da shi nan, sai ya toge. Ba taurin kai ba ne, jikinsa ne bai manta ba.

Ba kowane soja ke kamuwa ba. Da yawa sukan yi ƴan makonni a firgice, sa'an nan su warware. Amma in abin ya wuce wata guda, ya hana mutum aiki da zaman lafiya da iyali, to ciwo ne, yana son magani. Kuma ba soja kaɗai yake kamawa ba. Wanda ya tsira daga haɗarin mota, da matar da aka kai wa garinsu hari, su ma yana iya samunsu.

Duniya ta daɗe ba ta gane wannan ciwo ba. A yaƙin duniya na farko, rundunar Ingila ta harbe sojojinta 306 bisa laifin gudu daga fagen fama ko ragwanci. Daga baya aka gane cewa a cikinsu akwai waɗanda ciwon firgita ne ya kama su. Sai a 2006 gwamnatin Ingila ta yafe musu, shekara kusan 90 bayan an binne su. A Amurka ma, sai da sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam suka yi ta kuka, sa'an nan a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa suka rubuta wannan ciwo cikin jerin cututtukan da aka sani. Ka ga ke nan, ba ciwon baƙar fata ba ne, ba kuma na Nasara ba. Ciwon ɗan Adam ne.

Bambancin sadaka da bashi

Yanzu mu zo ga gindin magana. Kowa ya yarda taimakon tsohon soja abu ne mai kyau. Amma wane irin abu ne? Sadaka ce, ko bashi?

Ka san bambancinsu sarai. Sadaka, mai bayarwa shi ke zaɓen abin da zai bayar da ranar da zai bayar. In ya ba da, a gode masa. In ya hana, ba mai kai shi gaban alƙali. Mai karɓa kuwa kansa a sunkuye yake. Bashi ba haka yake ba. An san adadinsa, an san ranarsa. Mai bin bashi yana zuwa da kansa a ɗage, don haƙƙinsa ya zo nema. In an biya shi, ba alfarma aka yi masa ba.

Ga wani misali daga gona. Ka ari san huɗa na maƙwabcinka. Lafiya lau ka karɓe shi. Yana cikin aiki a gonarka sai ya karye. Wa zai yi jinyarsa? Za ka mai da shi da ɗingishi, ka ce wa mai shi Allah ya kyauta? In ka saya masa magani, za ka ce sadaka ka yi? Ko yaro ya san amsa. A hannunka ya karye, a aikinka ya karye, gyaransa a wuyanka yake.

To, mutum ya fi sa daraja nesa ba kusa ba. Ƙasa ta je gidan wata uwa ta ari ɗanta. Kuma dubi yadda ake aron. Ranar ɗaukar soja, likita yana duba saurayi tun daga ido har tafin ƙafa. Mai ciwo ba a ɗauke shi. Mai rauni a mai da shi gida. Lafiyayye kaɗai ake so. Wannan shaida ce cewa ƙasa ta karɓe shi cikakke. In ta dawo da shi da rauni, ko a jiki ko a zuci, a hannunta ya samu.

Akwai kuma abin da ya raba soja da sauran ma'aikata. Kai da ni, in muka ji harbi, gudu za mu yi, ba mai ganin laifinmu. Soja an hana shi gudu. In aka ce tsaya, dole ya tsaya. In aka ce tafi, dole ya tafi, ko da ya san mutuwa na gaba. In ya ƙi, doka ta hau kansa. Ya ba da abin da ba mai sayarwa a kasuwa, wato ikon tsirar da kansa. Ya ba da shi ne don kai ka kwana a ɗakinka, ka wayi gari ka tafi garkarka.

Saboda haka amsarmu ita ce: kula da tsohon soja bashi ne. Bashin kuma bai tsaya ga kuɗin fansho ba. Ya haɗa da barcinsa da ya ɓace, da hankalinsa da ya tashi.

Cin moriyar ganga

Hausawa suna zancen wanda ya ci moriyar ganga ya yar da kwaurenta. Tarihi ya nuna mana yadda wannan ke faruwa, kuma kakanninmu ne aka yi wa.

A ƙarshen 1944 aka dawo da wasu sojojin Afirka da Jamusawa suka tsare a matsayin fursunonin yaƙi. Aka sauke su a sansanin Tiyaroy, kusa da Dakar. Suka nemi a biya su kuɗinsu da suka taru kafin a sallame su. Ranar 1 ga Disamba 1944, da sassafe, sojojin Faransa suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu. Masana tarihi da dama sun ce sun fi haka ƙwarai. Sai a watan Nuwamba 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa Emmanuel Macron ya amsa cewa kisan gilla ne.

Ga na biyu. A watan Disamba 1959, ana gab da ba ƙasashenmu mulkin kai, Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na Afirka. Na Bafaranshe yana ƙaruwa shekara da shekara, na baƙar fata yana tsaye cik. Rami ɗaya suka kwanta, harsashi ɗaya suka tara, amma da tsufa ya zo sai aka raba musu kwano. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara. A watan Nuwamba 2001 babbar kotun Faransa ta ce shi ke da gaskiya. Amma shi ya riga ya rasu tun 1996. Aka fara gyara a 2007, ba a daidaita fanshon gaba ɗaya ba sai a farkon 2011. A lokacin, mafi yawan masu haƙƙin suna kabari.

Me za mu koya a nan? Abu biyu. Na ɗaya, bashin da aka mai da shi alfarma, mai ƙarfi yakan biya ranar da ya ga dama. Na biyu, bashin tsoho ba ya jira. In ka jinkirta shi shekara 50, ba biya ka yi ba, jira ka yi mai shi ya mutu. Mun ga laifin Nasara a kan wannan, kuma da gaskiyarmu. To, abin kunya ne mu da muke mulkin kanmu mu yi wa ƴaƴanmu irin abin da muka zargi baƙo da shi.

Masu ja da wannan magana

Ba kowa zai yarda ba. Bari mu saurari masu ja, don maganarsu ba ta banza ba ce.

Wani zai ce: «Ai an biya shi albashi. Shi ya kai kansa, ba wanda ya tilasta shi.» Gaskiya ne, sojan yau da ƙafarsa yake zuwa. Amma albashi ladan aikin wata ne, ba diyyar lafiya ba. In ka ɗauki mai gini, bango ya faɗo masa a gidanka, ba ka cewa ai na ba ka kuɗin yini. Kuɗin yini daban, jinya daban.

Wani zai ce: «Ƙasarmu matalauciya ce. Manomi ma yana wahala. Mace na mutuwa wajen haihuwa, yara na fama da tamowa. Don me za a fifita soja?» Wannan ita ce magana mafi nauyi, kada mu raina ta. Amma ka duba. Talauci yana iya rage yawan abin da za a biya yau, ba ya shafe bashi. Matalaucin kirki in ana binsa, yakan je ya ce ga abin da ya samu, saura sai kaka. Ba ya cewa bai san da zancen ba. Ban da haka, duk ƙasar da ta sami kuɗin bindiga da harsashi da man mota don yaƙi, to ta sa jinyar mayaƙa cikin lissafin. Jinya tana cikin kuɗin yaƙi, kamar yadda ladan masussuka yake cikin kuɗin noma. Kuma malamin asibitin da aka koya wa maganin firgita saboda soja, shi ne zai duba manomi da matarsa gobe. Rijiyar da aka haƙa don baƙo, ƴan gari ma suna sha.

Wani zai ce: «Ba duk soja ne hannunsa ke da tsabta ba. Wasu sun yi wa Nasara aiki a kan ƴan'uwansu. Ko Damagaram, da sojoji baƙar fata Faransawa suka ci ta a 1899. Wasu kuma sun zalunci talakawa a bakin aiki.» Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Wanda ya yi zalunci, shari'a ta bi shi, kaki ba ya wanke laifi. Amma likita ba alƙali ba ne. Ko ɗan kaso in ya yi ciwo ana ba shi magani. Yi wa mutum magani ba ya nufin an ce duk abin da ya yi daidai ne. Kuma ka tuna, in aka bar shi da ciwonsa, ba shi kaɗai zai sha wuya ba. Matarsa da ƴaƴansa su za su kwana da shi, su kuwa ba su je yaƙin kowa ba.

Wani kuma zai ce: «Wannan raunin imani ne. Namiji ba ya kuka. Ko kuwa iska ce ta taɓa shi.» Ɗan'uwa, zazzaɓin cizon sauro yana kama liman, yana kama sarkin yaƙi. Ba wanda ya ce imaninsu ne ya yi rauni. Ƙwaƙwalwa ma gaɓa ce, tana ciwo kamar hanta da ƙoda. Addu'a tana sanyaya zuciya, kada a bar ta. Amma addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, addini bai hana neman magani ba. Abin da ba shi da kyau shi ne a sa wa mutum mari, ko a yi ta dukansa da sunan fitar da iska. Wanda tsoro ya raunata, duka ƙara masa ciwo yake yi.

Me ake bin gwamnati?

Gwamnati ita ta ɗauke shi, ita ta ba shi bindiga, ita ta ce tafi. Kaso mafi girma nata ne. Ga abin da hankali ya nuna ya kamata.

Na 1, fansho ya fito a kan lokaci, kuma a kusa. Daga Matamaye zuwa Yamai ya fi kilomita 800. Bai dace tsoho ko gwauruwa su cinye rabin haƙƙinsu a kuɗin mota wajen bin takarda ba.

Na 2, yadda likita ya duba shi ranar shiga, ya duba shi ranar fita. Kada a tsaya ga jiki. A tambaye shi barcinsa, a tambaye shi zuciyarsa. A sake dubawa bayan ƴan watanni, don wani ciwon sai an zauna gida yake fitowa.

Na 3, magani ya matso kusa da jama'a. Akwai sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa a babban asibitin Yamai da na Damagaram, amma ƙwararrun likitocin wannan fanni kaɗan ne ƙwarai a ƙasarmu. Ba sai an jira su yi yawa ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin koya wa malaman asibiti na karkara yadda za su gane irin waɗannan cututtuka, su fara taimako, su aika mai tsanani gaba. In asibitin Matamaye da ƙananan gidajen likita na kewaye suna da masu wannan sani, an rage rabin wahala. Maganin ma ba ƙwaya kaɗai ba ce. Babbansa zama ne da wanda ya iya sauraro, ana warware abin da ya ƙulle a zuci sannu sannu.

Na 4, a sallame shi da abin yi. Wanda ya saba tashi da busar ƙaho, zaman banza guba ne a gare shi. Ƙasarmu ta Kance tana da fadama, ana rake, ana kayan garka. Ɗan fili da injin ban ruwa, ko shanun huɗa, ko koyon wata sana'a, suna mai da wa mutum darajarsa.

Na 5, a tuna da iyali. Matar da ke jinyar miji dare da rana ita ma tana son mai yi mata bayani. Marayun waɗanda suka rasu kuwa, karatunsu da cinsu amana ce a wuyan ƙasa.

Na 6, a rufa asiri. Soja ba zai ce yana da damuwa ba in ya san gobe za a yi masa dariya a bariki, ko a hana shi ƙarin girma. Wanda ya faɗi ciwonsa a yaba masa, don shi ma wani irin jarumtaka ne.

Namu kason

Kada mu jibga wa gwamnati duka mu koma gefe. Da sunanmu aka aike shi. Barcin da muka yi, shi ya biya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Kuma gari yana da maganin da asibiti ba shi da shi. A 1954 wani likita ɗan Nijeriya, Thomas Adeoye Lambo, ya gwada wata dabara a Aro, kusa da Abekuta. Maimakon ya kulle masu ciwon ƙwaƙwalwa a ɗaki, sai ya saukar da su a gidajen mutanen ƙauye, kowane da ɗan'uwansa mai kula da shi. Da rana su je asibiti a yi musu magani, da yamma su dawo cikin jama'a. Dabarar ta yi suna a duniya. Ta nuna cewa mutum ya fi saurin warkewa a tsakiyar mutane. Abin da likitan nan ya nema, mu muna da shi a gida: dangi, maƙwabta, majalisa, masallaci.

To, me za ka yi? Kada ka kira shi mahaukaci, kada ka bar yara su bi shi da tsokana. Kada ka matsa masa da tambayar mutum nawa ya kashe. In ya so magana, ka saurara, ka riƙe sirrinsa. In bai so ba, zama kusa da shi ma ya isa. Ka kira shi gayya, ka kira shi suna da ɗaurin aure. In ya ƙi yau, ka sake kiransa gobe. In ka ga ya kama shan ƙwaya irin su taramol, ko giya, don ya sami barci, ka sani wuta yake kashewa da kananzir. A lallashe shi a kai shi likita. In yana dukan iyali, kada a ce sha'anin gida ne. Manya su shiga, a kare matar da yaran, shi kuma a nema masa magani. In kuwa ka ji yana cewa ya gaji da duniya, gara ya mutu, kada ka ɗauka wasa ne. A kawar da makami da maganin ƙwari daga kusa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Akwai kuma wani taimako da kai ne ka fi dacewa da shi, kai da ka koyi karatu. Haƙƙin tsohon soja a cikin takarda yake: lambarsa ta soja, takardar sallama, takardar likita, takardar aure, takardun haihuwar yara. Gidaje da yawa sun yi asarar haƙƙinsu don gara ta ci takarda, ko don ba mai karanta musu ita. Ka taimaki tsoho ko gwauruwa su tattara takardunsu wuri ɗaya, a sa a leda, a ajiye a akwati. Abin da aka rubuta da Faransanci, ka raka su wurin wanda zai fassara. Ka rubuta ranar da aka kai takarda da ofishin da aka kai ta. Alƙalamin da ka koya riƙewa ba don lissafin buhun gero kaɗai ba ne.

Abin da za mu riƙe

An ce tsohon doki sai mai shi. Tsohon soja kuwa, mai shi ita ce ƙasa, ƙasa kuma mu ne. Samarin da ke bakin daga yau suna kallon yadda muke yi da waɗanda suka riga su. In suka ga tsohon soja yana yawo a tasha ba mai kula da shi, sun ga gobensu. In suka ga an riƙe shi da mutunci, sun san ƙasar da suke tsaro ta san alkawari. Alkawari kuwa kaya ne.

Saboda haka, ran da ka ga an yi wa tsohon soja wani abin kirki, kada ka ce an taimaka masa. Ka ce an rage bashi.

Ya kai mai karatu, kada wannan magana ta tsaya a takarda. Ka karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna. Ku tattauna a ajin yaƙi da jahilci, ku tambayi junanku: tsofaffin soja nawa ne a garinmu? Gidan wa aka yi rashi a bakin daga? Wa ya leƙa su a wannan wata? Allah ya ba mu zaman lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na fili da na ɓoye. Amin.